Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Masana Kimiyya da Wayar Bahaushe

Daren Alhamis ne, wayewar garin Juma'a 8 ga Agustan 2014, wayoyi suka dinga ruri a gidajen Najeriya tun kafin assalatu. Uwa na kiran ɗanta da ke makaranta, ɗan ci-rani na kiran iyalinsa daga Kudu, maƙwabci na ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa. Magana ɗaya ce a bakin kowa: a tashi a ɗora ruwa a wuta, a zuba masa gishiri, a yi wanka da shi, a kurɓi saura kafin gari ya waye, wai shi ne makarin cutar Ebola. Saƙon ya bi ta tes, ya bi ta BlackBerry da WhatsApp da Facebook, inda waya ba ta kai ba kuma baki ya kai shi.

Kafin hukumomi su fito su ƙaryata, aikin gama ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu sanadin shan ruwan gishirin, jaridu kuma suka ruwaito an kwantar da wasu da dama a asibiti. Duk wanda ya san aikin jiki bai yi mamaki ba. Gishiri in ya yi yawa a jini yakan zuƙe ruwan da ke cikin ƙwayoyin jiki, ya ɗora wa ƙoda nauyin da ya fi ƙarfinta, ya ingiza jini ya hau. Mai hawan jini da ya ɗirka wa cikinsa kofi guda da asuba, ya ɗauko wa kansa abin da ya fi Ebola kusa da shi. Ita kuwa Ebolar, tun daga ranar 20 ga Yuli da Patrick Sawyer ya sauka da ita a Legas daga Laberiya, har ranar 20 ga Oktoba da aka ayyana ƙasar ta rabu da ita, mutum 20 ta kama, takwas suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta ƙi sallamar Sawyer daga asibiti. A Legas da Fatakwal cutar ta tsaya. Ba ta taɓa leƙo Arewa ba, amma gishirin ya shiga kowane lungu.

Kada a yi gaggawar kiran waɗanda suka tura saƙon jahilai. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai ma'aikatan banki. Ƙauna ce ta sa suka tura shi, da tsoro. An ba su abin da za su iya yi da hannunsu, a cikin ɗakinsu, da abin da ba ya rasuwa a madafar kowane gida, kuma muryar da suka sani ce ta faɗa musu. Gaskiyar maganar, wato cewa Ebola ba ta yawo a iska, sai an taɓa jini ko amai ko sauran ruwan jikin wanda ta riga ta kwantar, tana nan a rubuce a shafukan hukuma da Turanci. Babu wanda ya tashi 'yan uwansa cikin dare don ya karanta musu ita.

Wayar da ta ɗauki gishiri ita ce kuma ta ɗauki gyara. Wani matashin likitan haƙori a Legas, Lawal Bakare, ya tara 'yan sa kai suka buɗe shafin Ebola Alert a Twitter da Facebook, suna amsa tambayoyin jama'a dare da rana, suna nuna wa masu tsoro lambar da za su kira. A can cibiyar ɗaukin gaggawa, ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan inna suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, suna leƙa su kullum har kwana 21, suna shigar da zafin jikinsu a waya. Aiki ne da duniya ta yaba. Sai dai a daren gishiri duk wannan bai isa ba, domin ƙarya ta riga kowa fitowa.

Ba a nan kaɗai take riga gaskiya ba. A 2018 wasu masu bincike uku na jami'ar MIT da ke Amurka suka wallafa sakamakon bin diddigin labarai kusan 126,000 da suka zagaya Twitter tsakanin 2006 da 2017. Sun gano cewa yiwuwar a sake yaɗa labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma lokacin da gaskiya ke ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500 ya ninka na ƙarya kusan sau shida. Mutane ne ke wannan aiki da yatsunsu, in ji su, fiye da na'urorin da aka ɗora wa laifi. Dalilin a fili yake: ƙarya kan zo da sabon abu mai tayar da hankali, gaskiya kuwa sau da yawa maimaicin abin da aka saba ji ne, a wanke hannu, a kwana cikin gidan sauro. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga abin ya yi yawa, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, masanin da zai jira sai annoba ta ɓarke sannan ya buɗe shafi ya fara bayani, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar tsoro mutum ba ya auna hujja, muryar da ya riga ya yarda da ita yake nema. In ana son muryar likita ko masanin yanayi ta kasance cikin waɗannan muryoyi, sai ta kasance tana cikin wayar mutane tun ana zaman lafiya, tana magana da harshensu a kan abubuwan yau da kullum.

Tabon da ba a share shi da bidiyo ɗaya

Duk mai son yi wa mutanen Arewa bayanin kimiyya, musamman ta fannin lafiya, wajibi ne ya san ƙasar da yake takawa. A 1996, lokacin da sanƙarau ke kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Shekara bakwai bayan wancan gwaji, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an gauraya shi da abin hana haihuwa. Sai a Yulin 2004 aka dawo da shi a Kano, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Sanadin haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin da a da suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata masu neman abin rufin asiri. Zargin hana haihuwa ba shi da tushe, an gwada maganin an sake gwadawa. Amma tsoron da ya ɗauke shi a kafaɗa yana da tarihi, kuma wanda ya zo yana yi wa mutane dariya don sun ƙi allura, bai san tarihin ba, ko ya sani ya raina shi.

Abin da ya juya lamarin shi ne mutane masu fuska da suna. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, hakimai da dagatai suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, malamai suka yi huɗuba, matan unguwa suka bi gida-gida, waɗanda cutar ta nakasa suka fito a kan kekunansu suna cewa a dube mu. An ga mai shan inna ta daji na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Shafin sada zumunta ba zai maye gurbin waɗannan mutane ba. Abin da zai iya shi ne ya ɗauki irin muryarsu ya kai ta nesa. Yau ga rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara tara zuwa 14 a Oktoban 2023, ga mashaƙo da ya addabi Kano a waccan shekarar, kuma tsohon zargin nan na hana haihuwa ya sake tasowa, wannan karon cikin saƙon murya.

Wanda ya riga mu zama a dandalin

Bayyana kimiyya da Hausa ba sabon aiki ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1940 Abubakar Imam da Rupert East suka fitar da littafin Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu da yadda duniya ke gudana cikin Hausar da ɗan firamare zai fahimta. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da takwarorinsa na Jamus da Amurka da Faransa, da gidajen rediyonmu na gida, sun daɗe suna gayyato likitoci da malaman gona. Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, ya shafe shekaru yana warware wa masu karanta jaridar Aminiya sirrin kwamfuta da intanet mako-mako. Waɗannan duka suna da edita a bayansu, wanda zai ce wannan ba za ta fita ba sai an tabbatar.

Waya ta cire editan. Ta kuma cire wani shingen da ya fi shi girma, wato karatu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana danna saƙon murya ta saurara, ta tura wa 'ya'yanta. Direban babbar mota yana kallon TikTok yana jiran lodi. A 2016 Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa, amma ko da bai sa ba, murya da bidiyo sun riga sun buɗe ƙofar. Wannan babbar dama ce ga mai ilimi, irin wadda su Imam ba su samu ba. Sai dai waɗanda suka fara gane damar masu sayar da kaya ne.

A duba yadda irin saƙon yake zuwa zauren WhatsApp na dangi. Minti huɗu ne ko biyar. Mai maganar zai yi sallama cikin natsuwa, ya yi salati, ya kira masu sauraro 'yan uwa, iyayena mata, ƙannena. Zai ambaci ciwon da kowa ya sani, sanyi, basir, taifot da ya ƙi jin magani, rashin haihuwa. Zai kawo labarin wata baiwar Allah da ta gaji da zaryar asibiti. Zai jefa kalmar likitanci ɗaya ko biyu don a san ya leƙa boko. Daga ƙarshe ya ba da lamba, ya ce a tura wa wasu don neman lada. In aka kira shi zai ɗauka. In aka ce Malam, yaron bai ji sauƙi ba, zai ce sannu Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, a ƙara kwana uku.

Sai a ajiye wannan kusa da sanarwar hukuma: hoto mai tambari, rubutu ƙanana da Turanci, ko fassarar da aka yi kalma bayan kalma har Bahaushe ya karanta bai gane Hausarsa ba. Ƙarƙashinta tambayoyi ɗari, babu amsa ko ɗaya. Ba na ganin laifin matar da ta zaɓi mai saƙon murya. Ya girmama ta, ya saurare ta, ya yi mata magana yadda ɗanta zai yi. Abin da ya rasa shi ne gaskiya, kuma a ƙodarta da hantarta za a biya kuɗin. Haka masu man shafawa na sauya launin fata suka cika Instagram, har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023, saboda sinadarai irin su zaiba da ake samu a wasu daga cikin mayukan.

Likitan da ke son ya yi gogayya da wannan mutum dole ya koyi ladabinsa, ya bar ƙaryarsa. Ya yi sallama. Ya fara da tambayar da ake yi masa a ɗakin duba marasa lafiya, ba da abin da ya karanta a mujallar likitoci ba. In zai ce kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta don mura, ya faɗi dalili: mura ƙwayarta daban, wannan magani ba ya taɓa ta, kuma duk shan da aka yi masa ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin da ke jiki yadda za su jure masa, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Mutanenmu suna son dalili. Wanda ya iya bin mas'alar gado a zauren malam, ya iya lissafin ribar buhu ɗari a ka, ba zai kasa gane wannan ba.

Bagega

Akwai inda shafukan nan suka yi aikin da ya ceci rayuka ta wata fuskar. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara inda yara ke farfaɗiya suna mutuwa, sababbin ƙananan kaburbura sun cika maƙabartu. Gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da ita, kuma a cikin gida ake sarrafa su: a farfasa da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da aka saba niƙa hatsi da shi, a shanya garin inda yaro ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya dafa, ya kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa mai tasowa take fara ci. Sama da yara 400 suka rasu.

An tsabtace ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara kusan 1,500 suna jira. Likitoci ba za su fara ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini ba sai an kankare saman ƙasar gidajen an zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma kan ƙurar nan, an yi aikin banza. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, kimanin naira miliyan 850, sai shiru. Wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka je garin suka ɗauko hotuna da bayanai, suka kafa gangamin SaveBagega a Twitter da Facebook, ƙungiyar Human Rights Watch ma ta sa jama'a suka yi ta rubutu a shafin Shugaba Goodluck Jonathan. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗi, aka fara kankare ƙasa.

Wannan gangami da Turanci aka yi shi, kuma masu mulki ya nufa. Ya yi nasara domin ya ɗauki bayanin kimiyya mai sarƙaƙiya ya mayar da shi magana ɗaya da kowa zai riƙe: ba magani sai an share ƙasa, ba shara sai an saki kuɗi. Amma ɗaya rabin aikin, wato mai haƙar zinariya ya san cewa kada ya shigo da dutse gida, ya jiƙa shi kafin niƙa, ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, wannan bai zagaya ba. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yau ma'adinai ake haƙa daga Zamfara har Nasarawa, kuma kusan kowane mahaƙi yana da waya a aljihu. Saƙon murya na minti biyu da Hausa a kan dalma abu ne da ɗalibin ilimin sinadarai zai iya haɗawa da yamma ɗaya.

Me ya hana masana fitowa?

Akwai masu yi, kuma sun cancanci a ambace su. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe mai binciken cututtukan ƙwaƙwalwa a jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa Science Communication Hub Nigeria don haɗa masana da 'yan jarida da jama'a, ya kuma jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Ƙungiyar Masakhane ta ɗauki aikin fassara takardun binciken Afirka zuwa harsuna shida, Hausa na ciki. Dubawa da Africa Check suna bin diddigin jita-jita. Akwai kuma likitoci da masu haɗa magunguna da ungozomomi matasa da ke sakin gajerun bidiyoyi da Hausa bayan sun tashi daga aiki, da datarsu, ba wanda ya sa su. Amma in aka auna su da yawan jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin binciken noma da ke Arewa, daga Samaru zuwa Maiduguri, sun yi kaɗan ƙwarai.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Malamin jami'a da takardun da ya wallafa a mujallun masana ake ƙara masa girma. Bidiyon da manoma dubu hamsin suka kalla ba ya cikin lissafi, wani abokin aikin ma zai ce ya zama ɗan TikTok. Ga zagi: mace likita da ta fito ta yi bayanin tazarar haihuwa ko rigakafi ta san abin da za ta tarar a ƙasan bidiyonta. Ga fargabar a yanke maganarka a juya ta. Dandalin kansa ba naka ba ne, kamar yadda aka gani da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ina ganin jami'o'inmu za su iya warware na farkon gobe in sun so, su sa wayar da kan jama'a cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Da kuɗin talakan nan aka gina ɗakin binciken, yana da haƙƙin a gaya masa abin da aka gano a ciki.

Akwai wata wahalar da ke cikin kimiyyar kanta. Mai sayar da magani ba ya taɓa cewa wataƙila. Masani kuwa dole ya ce, domin iliminsa kan sauya in sabuwar hujja ta zo. A farkon korona an ce ba dole ba ne mai lafiya ya sa takunkumi, a Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara, mutane da yawa suka ce ashe ba su san abin da suke yi ba. A daidai lokacin, masu cewa 5G ce ke kawo cutar ba su yi ko gezau ba, alhali sai a 2022 aka fara sayar da 5G a Najeriya. Haka hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, har da fassarar Hausa: in an ce ruwa zai sauka a mako kaza, yiwuwa ake nufi, ba alkawari ba. Manomin da aka sanar da shi haka tun farko, aka gaya masa cewa ruwan farko kan yaudari mai shuka, ba zai jefar da hasashen gaba ɗaya don ya kuskure sau ɗaya ba. Wanda aka ba shi a matsayin yankan shakka kuwa, ranar da ya kuskure an rasa shi. Masanin da ya saba gaya wa mabiyansa iyakar abin da aka sani, ya dawo ya ce musu an samu sabon bayani, shi ne za a saurara ranar da ya ce wannan kam tabbas ne.

Ranar da aka riga aka sani

In ana neman inda za a fara, sama ta ba da dama. Ranar 9 ga Janairun 2001 wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka afka wa otal-otal da mashaya suna cewa zunubin da ake yi a ciki ne ya jawo. Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Binin, ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi, rana ta duhunce da hantsi. A wannan karon an yi ta sanarwa tun kafin ranar, mutane suka fito suka kalla, aka yi sallar husufi aka watse.

Babu wani abu a bayanin husufi da ya yi karo da abin da malamai ke karantarwa. Sananne ne cewa rana ta yi husufi ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuma ya gyara musu fahimta ya umarce su da salla. Lissafin ma a hannun kowa yake: wata ba ya husufi sai a tsakiyar watan Musulunci, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, rana kuma sai a ƙarshen wata, lokacin da shi ya gitta tsakaninmu da ita. Abin da ya hana a gani kowane wata shi ne hanyar watan ta ɗan karkace da kusan digiri biyar. Kwamitin ganin wata na ƙasa ya riga ya saba wa mutane da irin wannan bayani a shafukansa, inda ake faɗin lokacin haihuwar jinjirin wata da tsawon zamansa bayan faɗuwar rana, kuma dubban mutane na bibiya gab da azumi da salla.

Ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 rana za ta yi cikakken husufi. Inuwar za ta bi ta kudancin Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta kai sama da minti shida a Luksor ta Masar, ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Duhu zai sauka a Harami da rana tsaka. Ba na shakkar cewa cikin 'yan mintoci bidiyon zai shiga kowane zauren WhatsApp daga Agadas zuwa Kumasi, kuma akwai waɗanda za su ɗora masa fassarar da ta yi musu. A ƙasar Hausa wani ɓangare na ranar ne zai rufe, da hantsi, in hadarin Agusta ya bari a gani.

Sassan kimiyyar lissafi da fiziks na jami'o'inmu sun san wannan rana, har da mintinta a kowane gari. Za su iya zama da limamai da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo da matasan da ke da mabiya, a shirya gajerun saƙonni tun da wuri: ga ranar, ga sa'ar, ga abin da za a gani a Sakkwato, ga na Zandar, ga dalilin da Makka za ta yi duhu mu ba mu yi ba. A gargaɗi iyaye cewa kallon rana kai tsaye yana ƙona bayan ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin gilashi ko fim ɗin hoton ƙashi ko kallo cikin ruwan kwano ba sa karewa. A nuna wa malaman firamare yadda za su huda kwali da allura, yaro ya juya wa rana baya, haskenta ya ratsa hudar ya faɗa kan farar takarda, a ga siffarta tana raguwa. Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan dabara a wata maƙala da ya rubuta kan siffar husufi shekara kusan dubu da suka wuce, kuma kayan aikinta ba su wuce kwali da allura da takarda ba.